Launin Albasa a Faifan Inna

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. A shekarar albasa ta yi albarka a fadamarmu ta Magarya har maza sunka rasa inda za su zuba ta. Garin duka warinta yake, ko ruwan randa ka sha sai ka ji kamar an yanka ta a ciki. Ba wanda ya kwanta ciwo a gidanmu, gero bai ƙare a rumbu ba, ga ɗiyata ta fari da ke aure a Rabah tana ɗauke da cikinta na farko. Shekara ce da ya kamata in riƙa tuna ta da daɗi. Amma duk sa'ad da na tuna ta, abin da ke fara zo mini shi ne bakin Inna yana motsi a hankali, da silin kaba a leɓenta, ta yi shiru tana sauraren harshenta.

Inna mahaifiyar maigidana ce. Tun ranar da anka kawo ni gidan nan na ishe ta da basilla a hannu tana ɗunkin faifai, kuma shekara ashirin da wani abu ban ga ta aje ta ba sai don salla ko barci. Faifanta in ka zuba gari a kai ba ya zuba ta ƙasa. Har daga Wurno mata kan aiko roƙo in za su aurar da ɗiya. Launinta uku ne, ba ta ƙarawa: ja na karan dafi, baƙi na bagaruwa da kashin maƙera, sai farin kaba yadda Allah ya yi shi. Zanen ma ɗaya ne, zobe bayan zobe, da wani ɗan karkace a tsakiya da take kira sawun tsuntsu, wanda ta koya a hannun tata uwar. In an kawo mata zancen galura, wato garin rinin nan na kasuwa, sai ta taɓe baki.

"Launin 'yan birni na," in ji ta. "Shi yi ta ihu kwana ukku, ruwa na taɓa shi shi gudu."

Na zauna gabanta na koyi ɗunkin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hannuna ya ƙi. Komi na ja kabar, ɗunkin sako-sako yake fita. Takan ɗaga nawa faifan ta duba shi a rana, ta ce, "Wanga in kin rufe tuwo da shi, kaza daga nesa ta san miyar mi ta." Mu yi dariya tare. Ban taɓa jin haushi ba, gaskiya ta faɗa.

Abin da Allah ya ba ni ido ne. Tun ina yarinya in an aike ni nakan tsaya bakin marina ina kallon shuni yana juyewa daga kore zuwa shuɗi, har a biyo ni da tsumagiya. Da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta raba mana littafin lissafi mai gida-gida. Gaban littafin na yi lissafin da anka ce. Bayansa kuwa, na lura kowane ɗan gida kamar ɗunki ɗaya ne na faifai, sai na riƙa cika su da guntayen fensir masu launi da yara sunka yar. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Ina ganin abin kunya ne mace mai 'ya'ya ta zauna tana wasan yara.

Shekara uku kafin wannan bazarar, yanar ido ta rufe wa Inna gani. An yi magani, ba a dace ba. Amma hannu bai makance ba. Da babban yatsa take ƙirga ɗunki, ta san inda zobe zai ƙare da inda sawun tsuntsu zai karkata. Launi kaɗai ya gagare ta. Sai aikin ya dawo na mutum biyu. Ni ke rina kaba in shanya, in tsaga, in zauna damanta a inuwar dogon yaro tsakanin azahar da la'asar. Ta ce "ja," in sa mata ja a tafi. Ta ce "baƙi," in miƙa. Kowane sili kuwa sai ta bi da bakinsa ta leɓenta, ta jiƙa shi ya yi laushi, kafin ta soka shi a hudar basilla. Na ga ta yi haka sau dubu. Ban taɓa kawo komi a raina ba.

Farkon bazarar munka tafi suna Boyekai, wurin wata 'yar uwata. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya kasuwar Goronyo ɗaukar kaya, munka daɗe. Ina zaune gefen taga, zafi ya ishe ni, sai idona ya sauka kan wani tsibin albasa da anka juye yanzu-yanzu. Shunayya ce mai duhu, wasu ɓawon ya saɓule sun yi haske, ga sauran lawashi kore shar a jikinsu. Wata mata ta tsuguna a gefen tana zaɓe, zanenta ruwan ɗorawa. Shi ke nan abin da na gani. Albasa ce da nake yankawa kullum. Amma launukan nan uku da sunka jeru, na kasa ɗauke idona daga kansu. Ni da ko allura ba na saye ban yi shawara ba, na sauka daga motar na biɗi mai galura, na karɓi ƙulli uku na ɗaure a bakin zane.

Da na dawo na buɗe bayan littafina, na zana faifan Inna gida-gida, amma inda ja yake na sa shunayya, inda baƙi yake na sa kore, sawun tsuntsu kuma ruwan ɗorawa. Na rina 'yar kaba a ɓoye na gwada da hannuna. Ya fito a karkace kamar bakin tsohuwar ƙwarya. Na tura shi ƙarƙashin gado. Na gane abin da ke cikin kaina hannu ɗaya ne a duniya zai iya fitar da shi, mai hannun kuma ta riga ta ce galura ba ta shiga aikinta.

Ana haka wata rana Inna ta ce in shirya mata kaba mai kyau, za ta yi wa jikarta faifai. In yarinyar ta haihu ta gama wanka, ta koma Rabah da shi.

"Wa ya sani ko shi na na ƙarshe," ta ce. "In an buɗe kaya, dangin miji su san gidan da ɗiyar ta hito."

Na dafa karan dafi da kanwa yadda take so, na yi baƙin ma. Sa'annan na rina wani kashin da galura. Na ce wa raina don in gani kawai.

Ranar farko cibiyar faifai ta ɗunka, fara ce, ba abin da ya faru. Rana ta biyu ta miƙo tafi ta ce, "Ja." Damin nan biyu suna gefena, na karan dafi da na galura. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don na san hannun wa ya miƙa. Na ɗauki shunayya na sa mata. Niyyata zobe ɗaya, in ga yadda zai zauna, sa'annan in faɗa mata, ta zage ni, mu warware. Amma da zoben ya kewayo ya haɗe, ya zauna jikin farin nan lif, ɗunki a matse kamar an zuba shi, sai na ji ba zan iya cewa a warware ba. Na ce bari in ga koren kusa da shi. Daga kore sai na ce bari in ga sawun tsuntsu.

Mai karatu zai ce, ba kowa a gidan ne? Akwai. Maigida yana fadama da kasuwa, kuma ko yana nan, namiji ba ya duba faifai sai in an ɗauke shi daga kan tuwo. Mata maƙwabta kuwa suna shigowa, suna gani. Amma tun da idon Inna ya rufe ba mai ambaton launi gabanta, saboda kara. Ba a ce mata zanenki ja ya yi kyau, sai dai a ce zanenki ya yi kyau. Don haka sai su ce, "Inna, aiki ya yi, Allah shi ƙara lahiya," su dube ni su ɗaga gira, suna zaton tsohuwa ce ta sauko da kanta. Karar da mutane ke yi mata, ita na samu na laɓe a baya.

A zobe na uku ne ta tsaya. Ta bi da silin ta leɓenta, ta sake bi, ta riƙe shi a baki.

"Ke, karan dafin ga na ina na?"

"Wanda munka aje tun kaka na, Inna."

"Kanwa fa?"

"Na sa kamar kullum."

"Uhm," ta ce, ta ci gaba.

Karan dafin da na dafa na kaka ne, kanwa kuma na sa. Ban faɗi ƙarya ba, na dai ba ta amsar damin da ba shi ke bakinta ba. Sai a lokacin na gane abin da ban gane ba shekara da shekaru: ashe ba laushi kaɗai take biɗa ba in ta sa kaba a baki. Ja yana da ɗan gishiri-gishirin kanwa. Baƙi yana da baurin bagaruwa da ƙarnin ƙarfe. Tun da ido ya tafi, da harshe take gaisawa da launinta.

Nan ya kamata in tsaya. Ban tsaya ba.

Bayan kwana biyu ta ce in zuba mata gishiri a tafi. Ta lasa. Ta ce in kawo tsamiya. Ta tsotsa, ta yamutsa fuska. Sa'annan ta ce, ba da ni take ba, "Gishiri ina jin shi. Tsamiya ina jin ta. To ba halshe na ba." Ta kai yatsa ta taɓa goshinta.

Uwar Inna ruɗewar tsufa ta yi kafin ta rasu. Inna ta sha ba ni labari: abin da ta fi sani shi ya fara ɓace mata, ta manta yadda ake kaɗa miya, daga baya ta manta 'ya'yanta, har ana ɗaure ƙofa kada ta fita. Ba mutuwa Inna ke tsoro ba, wannan take tsoro. Yanzu ga ɗanɗanon da ta sani tun tana budurwa ta sa a baki ta ji baƙo. Tana da hanya biyu: ko ta zargi kanta, ko ta zarge ni. Shekara ashirin da wani abu ban taɓa ɓoye mata ko ƙwayar gero ba. Sai ta zargi kanta.

Daga nan na riƙa ganin abubuwa. In ta sallame salla sai ta tashi ta sake, wai ba ta tabbata raka'a nawa ta yi ba. Ina shara in ji ta tana jera sunayen jikokinta ƙasa-ƙasa, daga babba zuwa ƙarami, ta sake daga ƙarami zuwa babba. Furar da takan shanye ta fara rage rabi. Maigida, wanda bai taɓa sayar da albasa bai tambaye ta ba, ya zo ya tsuguna ya ce, "Inna, a kai Goronyo yanzu ko a jinkirta?" Ta ce, "Ka bar tambayata irin wagga magana. Ka yi shawara da masu hankali." Ya yi dariya, yana zaton wasa ne. Ni ina bakin murhu, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. In azahar ta yi in zauna damanta, in ga inda aikin ya kai, in ce bari wanga zoben ya haɗe. Tsoro yana ciki, ba na musu. Ban san da wane baki zan fara ba. Amma ba tsoro kaɗai ba ne, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini nauyi in rubuta. Ina son in ga ƙarshensa. Faifan ya fi wanda ke cikin littafina kyau nesa ba kusa ba. In ta shiga ɗaki nakan ɗauke shi in juya shi a rana, shunayyar ta yi duhu ta yi haske kamar ɓawon albasar nan, in ji daɗi har cikin ƙashina. Sa'annan in ji ta a ɗaki tana jera sunaye.

Saura baki kawai a naɗe faifan ya ƙare, sai ɗiyata ta iso daga Rabah goyon ciki. Ita ɗiyar fari ce, ba na kama sunanta, ba ma doguwar magana. A cinyar Inna ta girma, kuma tsakaninsu ba a jin komi sai tsiya. Tun daga zaure ta ɗaga murya.

"Ina tsohuwar gidan ga? Ba ta mutu ba dai, na sha hanya a banza?"

"Ina nan, ja'ira. Sai na ga abin da kinka ɗauko, in ya yi kama da mijinki mu maida shi."

"Mijina ya hi naki kyau."

"Nawa da ya yi tsaye a kasuwa mata na ɓata lissahi. Naki fa, an ce in ya yi dariya awaki na watsewa."

Rabon da in ji muryar Inna haka tun kafin zobe na uku. Da anka ci abinci anka natsa, ta ce mini, "Ɗauko mata abin ta ta gani, kada ta ce ban yi mata komi ba." Na ɗauko.

Yarinyar ta karɓa, idonta ya buɗe. "Kai! Tsohuwa, yaushe kinka fara…" Sai ta dubi fuskata. Ban san mi ta gani ba, amma maganar ta tsaya.

"Yaushe na fara mi?"

"Yaushe kinka fara sauri haka? Da sai ki shekara bisa abu guda."

"Sawun tsuntsun ya hito?"

"Ya hito."

"Jan ya kama? Irin na tawa uwar?"

Ɗiyata ta juya faifan a hannunta. "Ɗunkin ya yi kyau, Inna," ta ce.

Inna ta gyaɗa kai. Ta lalubo basillarta, wadda ƙotarta ta sha hannu har ta yi santsi, ta lalubo hannuna ta sa mini ita a tafi, ta rufe da nata.

"Ɗiyata, ki naɗe bakin. Ni na aje. Kaina ba shi tare da ni yanzu, kada in ɓata wa yarinya abu ban sani ba. In kun ga na fara wasu abubuwa, ku yi haƙuri da ni kamar yadda munka yi da tawa uwar." Ta ɗan matsa hannuna. "Shekara ukku kina zama idona, ko sau guda ba ki gaji ba. Allah shi ba ki mai yi miki."

Ba wanda ya taɓa zagina ya yi mini zafin wannan addu'ar.

Na tashi na shiga madafa. Jim kaɗan ɗiyata ta biyo ni, da nauyin cikinta, ta tsuguna tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Da tukunya ta yi magana.

"Tun da na zaka, sau biyu tana hwaɗin sunan mijina tana tambayata ko daidai na. Ba mantawa ta yi ba. Gwada kanta taka yi." Ta tura wani itace. "Ni ba ni kai shi Rabah in ce na kakata na. Kuma ba ni hwaɗa mata. Ba ni na rina ba."

Ta miƙe da kyar ta fita. Ɗiyar da kunya ba ta bari in kira sunanta, ita ta tsaya ta nuna mini hanya.

Bayan la'asar na ɗauki dami biyu na kaba na tafi inuwar dogon yaro. Inna tana zaune hannu sake bisa gwiwa, abin da ban saba gani ba. Na durƙusa. Na zaro sili ɗaya daga jan gaskiya, wanda ke aje tun ranar farko ba a taɓa shi ba, na sa mata a tafi.

"Inna, ki taɓa wanga a baki."

"Na ce miki na aje."

"Don Allah."

Ta kai shi leɓe. Na ga fuskarta ta tsaya. Ta sake bi da shi, a hankali. Na miƙa mata baƙin, ta ɗanɗana, ta tofar da baurin gefe.

"Wanga karan dahi na. Wanga bagaruwa." Ta ɗaga kai. "To mi nika sha kwana arba'in?"

Na faɗa mata. Goronyo, da tsibin albasa, da matar mai zane ruwan ɗorawa, da littafin lissafi, da wanda na tura ƙarƙashin gado. Na faɗa mata na ji tana jera sunaye, na ga tana sake salla, ban buɗe baki ba. Ban yi kuka ba sai da na kai nan, kuma na yi ƙoƙari in tsaida shi, don kada ya zama ita za ta lallashe ni.

Kaji sunka zo sunka wuce. Abin da ta fara cewa ba da ni ba ne.

"Alhamdu lillahi. Ashe kaina na nan." Ta faɗa sau uku, tana shafa goshi. Sa'annan ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana gani. "Ke! Kwana arba'in ina bankwana da duniya saboda albasa?"

"Ki gahwarce ni, Inna."

"Albasa! Da zinariya kinka gani ma sai in ce. Abin da muka ba awaki in ya ruɓe!"

Daga ɗaki na ji ɗiyata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Ni ban ga abin dariya ba, Inna ma ba ta yi ba.

"Da kin roƙe ni, da na ƙi," ta ce. "Kin san haka, shi ya sa ba ki roƙa ba. Kinka ari hannuna ba da sanina ba, kamar jakin maƙwabci. Wannan guda. Amma kin ji ni ina tsoro, kinka ƙyale ni cikin shi. Wanga shi na ban san inda za ni aje shi ba tukuna."

Sai ta miƙo hannu.

"Miƙo shi."

Na miƙa mata faifan. Ta bi shi da yatsu daga cibiya zuwa waje, zobe-zobe. "Hwaɗa mini mi kinka sa hannuna ya yi. Nan mi na?"

"Shunayya. Kamar ɓawon albasa in an hiddo ta daga ƙasa."

"Nan?"

"Kore, irin na lawashi."

"Sawun tsuntsuna fa?"

"Ruwan ɗorawa."

"Tsuntsun ya taka miya ke nan." Yatsanta yana kan wurin. "Ya yi kyau?"

Na ce a raina ƙarya ta isa haka. "Ya yi kyau, Inna. Ban taɓa ganin kamar shi ba."

"Uhm. Dole shi yi. Wa ya ɗunka?"

Ta aje shi bisa cinyata, ta buɗe tafi. "Ba ni basillata." Na ba ta. "Wanga ba shi zuwa Rabah. Naki na, ke kinka haife shi. Ki biɗi wata basilla ki naɗe bakin da wanga hannu naki na kaza. Kowa ya ɗauka shi ga inda nawa ya tsaya, shi tambaye ki dalili, ki hwaɗa mai. Na yarinya kuwa sabo za mu soma, ko da ta haihu kahin mu gama."

"To, Inna. Kin yahe mini?"

"Gahwarar ba ta nuna ba. In ta nuna kya ji ƙamshi."

Faifan yana rataye a ɗakina har yau, tsakiya a matse kamar an zuba, baki sako-sako. Baƙi sukan tambaya, ina kuma faɗa musu.

Washegari da na idar da sallar asuba na hura wuta na dafa sabon karan dafi, ko da yake na da bai ƙare ba. Kafin in tsoma kaba na ɗebo ruwan a ludayi, na bari ya huce, na kai mata ta ɗanɗana. Ta ce kanwa ta yi kaɗan, na ƙara. Da kabar ta sha iska na ɗaure kowane dami da igiya: ja ƙulli ɗaya, baƙi ƙulli biyu, fari ba ƙulli. Na kama hannunta na bi da shi kan ƙullin ɗaya bayan ɗaya, na jera su a gefenta na dama, inda na saba zama, yadda za ta ɗauka da kanta. Sa'annan na ɗauko nawa faifan da wata tsohuwar basilla, na koma hagunta na zauna, na fara naɗe baki.